Takalman da ke Gindin Tanki

Da safe aka zare sakatar murfin tankin da ke bayan masana'antar sabulu, aka haska tocila, aka ga Siriri kwance rub da ciki a kan dattin mai. Siriri shi ne mai wanke tankuna, don a duk ma'aikatan shi kaɗai kafaɗunsa ke wucewa ta bakin tanki ba tare da ya kurje fata ba. Wanda ya haska tocilar ya zura ƙafa zai sauka, wani ya cafko shi ta wuyan riga ya dawo da shi. Sai da 'yan kwana-kwana suka zo da tulun iska a bayansu sannan aka fito da gawar.

Ta waje aka rufe murfin, wannan kowa ya gani da idonsa. Takalman Siriri kuma suna gindin tsani a jere, inda ya saba ajiye su. A wannan masana'anta ba a rataya allo ko kwaɗo idan mutum ya shiga tanki. Takalmansa ne alama. Wanda ya ga takalma a gindin tsani ya san akwai rai a ciki, ba ya taɓa murfi, ba ya kunna famfo.

Kafin rana ta yi zafi ma'aikata sun gama yanke hukunci. Kurma ne, mai kula da tukunyar tururi. Shi da bakinsa ya ce shi ya rufe, kuma kowa ya san ba sa ga maciji da mamacin. Sajen 'yan sandan da aka turo ya tura Kurma ɗakin maigadi ya kulle, don ya ga wasu sun fara tsintar guntayen ƙarfe. Ya kifa baho a kan takalman, ya ce duk wanda ya taɓa shi a ofishinsu zai kwana. Sannan ya aika a ɗauko masa Mai Sawu.

*

Mai Sawu dattijo ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen bin sawun dabbobin da aka sace da yaran da suka ɓata. Gwiwoyinsa sun gaji, amma idonsa na nan. Ya sauko daga bayan babur a hankali, ya tsaya yana kallon filin da jama'a suka tattake.

"Saje, rawa kuka yi a nan kafin ku kira ni?"

"Baba, ko da na iso sun gama rawar. Ga abin da na iya ceto maka."

Mai Sawu ya durƙusa ya ɗaga bahon. Takalman fata ne masu jan maɗauri, tsofaffi amma sun sha goga. An take bayansu ya kwanta, kamar yadda ake yi wa takalmin da ya yi wa mutum kaɗan. Ya sa yatsa ciki, ya ji a bushe. Ya ɗaga ɗaya, ƙasar da ke ƙarƙashinsa a jiƙe take, da tabon ɗigon ruwa irin na ko'ina a filin. Ya juya tafin, ya kankaro wani farin abu daga tsaginsa da tsinke, ya shinshina daga nesa.

"Yaushe aka yi ruwa?"

"Jiya da tsakar rana. Ya zo da ƙarfi, bai jima ba ya ɗauke."

Shugaban 'yan kwana-kwana yana gefe yana haɗa kayansu. Mai Sawu ya tambaye shi yadda suka sami mamacin.

"Can ƙurya, nesa da tsani. Shebur ɗinsa na ƙarƙashin ƙirjinsa."

"Hannayensa fa?"

"Ba rauni. Baba, kar ka ce za ka leƙa. Dattin man nan idan aka motsa shi yana fitar da iskar da ke kayar da mutum kafin ya san ana yi. Na'urarmu ta auna iska tun daga baki ta fara kuka. Irin wannan wuri ba a shigarsa sai an auna iska, an hura sabuwa, an ɗaura wa mutum igiya, wani kuma yana tsaye a kansa ba ya gusawa ko da gobara ake yi."

"Ina igiyar tasa?"

"Ba mu sami igiya a jikinsa ba."

Mai Sawu ya mayar da bahon, ya dafa gwiwa ya miƙe.

*

Kurma ba kurma ba ne gaba ɗaya. Ƙarar tukunyar tururi ce ta cinye masa ji a hankali, sai an ɗaga murya a kusa da kunnensa. Yana zaune a kan bencin maigadi, jini ya bushe a leɓensa, bai goge ba.

"Kai ka rufe murfin?" in ji Mai Sawu da ƙarfi.

"Ni na rufe."

"Me ya sa?"

"Ruwa ya sauko. Manaja ya taɓa cewa idan ruwa ya sake shiga tankin nan, a bakin aikina."

"Ka ga takalma?"

"Babu takalma. Babu mutum a baki, babu igiya. Na duba. Tun kafin a haifi wasu daga cikin masu ihun nan nake dubawa."

"Ka leƙa ciki?"

"Na leƙa, duhu. Na yi kira." Ya kalli bango. "Ko an amsa ba zan ji ba."

Saje ya sunkuyo kusa da kunnensa. "An ce kun yi faɗa."

"Mun yi. Yana kwaikwayona. Sai ya zo gabana yana motsa baki ba murya, ni in yi ta 'Na'am? Na'am?', su kuma su yi ta dariya. Ran nan na jefe shi da sufana, na ce wata rana sai na rufe masa baki. Na faɗa. Kowa ya ji, har ni na ji."

Bai roƙi a sake shi ba. Ya tambaya kawai ko wani ya tuna ya rage wutar tukunya.

*

Maigadi yana ƙofar ɗakinsa, ya ƙagu a tambaye shi.

"Ni fa na ga Siriri bayan ruwan nan, da idona. Ya fito daga wajen sito, ya bi jikin katanga ya nufi tanki."

"Fuskarsa ka gani?"

"Ya rufa buhu a ka, ana ɗan yayyafi. Amma takalman nan masu jan maɗauri, Baba, ko a mafarki na san su. Kullum sai na ce masa ko amarya ba ta goge takalmi kamarsa."

"Daga ina kake kallo?"

Maigadi ya nuna tagar ɗakin. Jiya ya sauke marufinta saboda feshi, ya bar ɗan tsaga a ƙasa.

"Kuma ku binciki direban da ya kawo soda jiya," ya ƙara da shi, yana rage murya. "Baƙo ne. Idonsa bai yi mini ba. Ko gaisuwa bai amsa ba."

Da suka matsa, Saje ya share gumi. "Ke nan ya fito, Kurma ya rufe, ya dawo ya buɗe ya koma ciki, wani ya sake rufewa. Ko dai Kurman ne ya rufe sau biyu, ko direban nan. Na sa a nemo shi a waya."

"Nemo shi," in ji Mai Sawu. "Wa aka sa ya tsaya a bakin tankin jiya?"

"Yayan matarsa. Kawu suke ce masa, sunan da 'ya'yan mamacin ke kiransa ne ya bi shi har wurin aiki."

*

Kawu yana zaune a ƙasa a inuwar rumfar lodi, ya naɗe ƙafafu. Babban mutum ne mai faɗin kafaɗa. Ya sa safa duk da zafin da ake yi, kusa da shi ga silifa guda biyu, an ɗaure ɗaya da waya. Ƙanwarsa, matar Siriri, tana kan wani akwatin sabulu, hannayenta a cinya. Matan da ke naɗe sabulu sun kewaye ta suna kuka, ita ba ta yi.

Mai Sawu ya yi musu ta'aziyya, ya zauna a kan dunduniyarsa.

"Kawu, kai ke riƙe masa igiya?"

"Ni ne, Baba. Tun da na samo masa aikin nan ni ke riƙewa."

"Jiya fa?"

"Ya fito kafin ruwa. Ya ce kansa na juyawa, sai gobe. Na naɗe igiya na tafi sito, muka sauke kaya. Ban san ya koma ba."

"Da ya fito ya sa takalmansa?"

"Ban lura ba."

"Da aka tashi ba ku tafi gida tare ba?"

"Ban gan shi ba. Na ɗauka ya riga ni."

Matar ta yi magana ba tare da ta ɗago ba. "Gida ɗaya muke. Da bai dawo ba na tambayi Yaya, ya ce ƙila an riƙe shi aikin dare. Na rufe masa abincinsa na ajiye."

"'Yata, mijinki yana take bayan takalmi idan yana sauri?"

Sai yanzu ta dube shi. "Shi? Ko yara ya gani sun yi haka sai ya yi ta faɗa. Ya ce lalata kaya ne."

Kawu ya ce, "Baba, mutumin da ya rufe yana can a kulle. Me kuma ake nema?"

"Ba komai. Tambaya ce ta tsofaffi."

*

Ofishin Manaja a saman bene yake, kuma da sanyinsa. A kusurwa akwai wata ƙatuwar fanka mai taya tana ta hurowa, an naɗe doguwar jakar kai iska da ake ɗaura mata an jingine a bango. Manaja ya ga inda Mai Sawu ke kallo, ya tashi ya kashe ta.

"Ta tanki ce," in ji shi kafin a tambaya. "Na'urar sanyin ofis ta lalace, na ce a hawo da ita kafin a gyara. Ban san jiya za su shiga ba. A'a, na sani. Na manta."

Shayinsa ya huce a kan tebur, bai taɓa ba. Ya sa hannu a aljihu.

"Yallaɓai, akwai na'urar auna iska?" in ji Saje.

"Akwai. Batirinta ya mutu. Na rubuta a kawo."

"Wa ya sa mai riƙe igiya ya bar tanki?"

"Motar soda ta iso, hadari ya haɗu. Sodar nan idan ruwa ya taɓa ta a kan mota, asarar ba ta faɗuwa, kuma tana iya ƙona mutane. Na ce duk mai hannu ya zo a sauke. Ban ambaci sunan kowa ba."

"Kana ina lokacin da ka faɗa?" in ji Mai Sawu.

"A fili."

"Ta wane gefe?"

Manaja ya ce ba zai iya tunawa ba.

*

Tsakiyar fili ta lalace da sawun 'yan kallo, amma jikin katanga, inda maigadi ya nuna, ba wanda ya bi. Laka ce mai laushi, rana ta fara ƙafar da ita. Mai Sawu ya bi gefenta a sunkuye, Saje na binsa a baya yana korar masu biyo su.

Sawun takalman Siriri na nan, zanen tafinsu ya fito sarai. Hanya ɗaya ya bi, daga sito zuwa tanki. Idan an yi na tafiya sito, a busasshiyar ƙasa aka yi shi, ruwa ya wanke.

"To ga shi," in ji Saje. "Maganar maigadi ta fito."

"Duba da kyau. Bayan kowane taku me ka gani?"

Saje ya durƙusa. A bayan kowane sawu akwai wani ɗan lotso mai kama da jinjirin wata, santsi, har da layukan fata a jiki.

"Dunduniya ce," in ji shi a hankali. "Ƙafar ta fi takalmin."

"Kuma ka ga tazarar. Siriri sai ya yi tsalle kafin ya yi wannan taku."

A ƙofar sito an share wani wuri, amma ba a gama ba. Buhun soda ya fashe a nan jiya, feshin ruwa ya same shi, ya bar farin ɓawo a kan siminti. Takalman roba na masu sauke kaya suna jere a bango, ƙafa uku kacal. A kan ƙusa kuma an rataye igiya mai kauri da ƙugiya a bakinta, farin gari ya shiga saƙarta.

"Igiya nawa ce a masana'antar nan?" Mai Sawu ya tambayi wani lebura da ke leƙowa.

"Irin wannan? Ita kaɗai ce. Da ita ake shiga tanki, da ita ake sauke ganguna."

Wayar Saje ta yi ƙara. Ya saurara, ya kashe. Direban soda bai sauko daga motarsa ba tun da ya shigo har ya fita, ciwon haƙori ke damunsa, leburori sun tabbatar.

"Tara mini su a nan," in ji Mai Sawu. "Kurma, maigadi, Manaja, da duk wanda ya taɓa buhu jiya."

*

Suka tsaya a cikin sito, 'yan sanda suka tare ƙofa. Matar Siriri ba a kira ta ba, amma ta biyo yayanta, ba wanda ya iya ce mata ta koma. Saje ya ajiye takalman a kan wata ganga.

Mai Sawu bai ɗaga murya ba. Ya ce ruwan jiya bai shiga takalman nan ba, amma ya jiƙa ƙasar da aka same su a kai. Ke nan lokacin da ake ruwa ba sa gindin tsani, sai bayan ya ɗauke aka mayar da su. Ya ce maigadi bai yi ƙarya ba, takalma ya gani ta ƙarƙashin taga, amma ba mai su ne a ciki ba.

"Wanda ya sa su ƙafarsa ta fi su girma. Ya take bayansu, dunduniyarsa na waje. Ya shigo da su nan, ya taka jiƙaƙƙiyar soda. Kun fi ni sanin abin da take yi wa fata."

Leburori uku da suka sami takalman roba jiya suka ɗaga ƙafa suka nuna, ba a ma tambaye su ba. Manaja ya dubi nasa takalman. Kawu yana jingine da buhuna, bai motsa ba.

"Yaya," in ji matar.

Ya sunkuyar da kai.

"Yaya, cire safar."

Ya zauna a ƙasa. Safar ta manne, sai da ya ja a hankali. A kowace dunduniya fata ta saluɓe, ja, tana ruwa, daidai inda takalmi ya ƙare.

Ba wanda ya yi ihu. A waje ana jin tukunyar tururi tana huci ita kaɗai.

"Silifata ce ta tsinke," in ji Kawu, yana kallon ƙafarsa. "Ba a shiga sito da ƙafa tsirara. Na zura takalmansa, na ce aro ne, yanzu zan dawo. Na leƙa na ce masa ya kwance igiya ana bukata. Ya ce in yi sauri, warin yau ya fi na kullum. Ya kwance da kansa ya miƙo."

"Wa ya kira ka?" in ji Saje.

Ɗaya daga cikin leburorin ya ce, "Manaja ne. A gindin tanki ya tsaya. Ya ce, 'Kawu, sauko da igiyar nan.' Ina wurin."

"Na ce masa akwai mutum a ciki," in ji Kawu. "Ya ce Siriri ba yaro ba ne."

Manaja ya buɗe baki. "Ɗan lokaci kaɗan nake nufi," in ji shi, ya nemi wuri ya zauna a kan buhu.

"Da ka dawo fa?" in ji Mai Sawu.

"Na tarar an rufe. Na ce ya fito ke nan, bai ga takalmansa ba, ya tafi yana zagina. Na ajiye masa su inda na ɗauka, na tafi na wanke ƙafa."

"Ba ka hau ka duba ba?"

"Ban hau ba."

"Da ƙanwarka ta tambaye ka?"

"A lokacin na sani. Ban san yadda na sani ba, amma na sani. Na ce mata aikin dare. Na kwanta ina jin yaran suna numfashi ta bango. Na ce idan na je na buɗe, ya tabbata ke nan."

"Da safe kuma kana kallo aka fasa wa wannan bawan Allah baki," in ji Saje.

"Ina kallo."

Kurma yana bin bakunansu da ido, bai kama komai ba. Ya taɓa hannun Saje. "Me suka ce?"

Saje ya sunkuya a kunnensa. "Babu takalma lokacin da ka rufe! Gaskiya ka faɗa!"

"Ai na gaya muku." Ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Amma dai ni na rufe."

*

Saje ya sa kwaɗo a murfin tankin, ya jefa makullin a aljihunsa. Ya ce da Manaja da Kawu za su bi shi, Kurma kuma ya je a duba masa leɓe sannan ya zo ya faɗi abin da ya sani. Masu guntayen ƙarfe sun riga sun zubar da su. Wasu suka zo kusa da Kurma kamar za su ce wani abu, suka ga sai an yi ihu kafin ya ji, suka fasa.

Mai Sawu yana wanke hannu a famfo matar ta zo ta tsaya a bayansa.

"Baba, tambaya ɗaya."

"Ina ji, 'yata."

"Ya buga? Da aka rufe, ya yi ta bugawa?"

Mai Sawu ya kashe famfon. "Ban shiga ba, ba zan ce miki na gani ba. Waɗanda suka ɗauko shi sun ce nesa da tsani suka same shi, shebur a ƙarƙashinsa, hannayensa ba rauni. Mutumin da ya san an rufe shi ba ya tsayawa a nan, tsani yake nufa. Ina ganin ya faɗi tun murfin na buɗe."

"Tun Yaya na sito."

"Ina ganin haka. Likita zai fi ni sani."

Ta gyaɗa kai kamar an gaya mata farashin wani abu da ba za ta saya ba. Ta taka zuwa motar 'yan sanda. Kawu na zaune a baya, ƙafafunsa a miƙe don kar su taɓa ƙarfe, Manaja na gefensa ya rufe fuska da hula.

"Yaya, Inna za ta tambaye ni ku biyu. Me zan ce mata?"

Kawu ya dube ta. Ta jira har direba ya ta da mota. Motar ta fita, maigadi ya tura ƙofa ya rufe.

Ta tsaya a tsakiyar fili tana duban gine-ginen, sito, rumfar lodi, tankuna, duk launinsu ɗaya. Matan naɗin sabulu sun koma ciki ɗauko jakunkunansu. Mai Sawu ya zo wucewa, yana jan gwiwa.

"Baba," in ji ta, "ban taɓa zuwa wurin aikinsa ba sai yau. A mota aka shigo da ni. Ta ina masu ƙafa ke fita?"

Ya nuna mata ƙaramar ƙofar da ke gefen ɗakin maigadi. Ta dubi inda ya nuna, ba ta motsa ba. Sai ya wuce gaba a hankali, ta bi bayansa.